Ƙorafi Kan Zargin Ramar da Ruwan Gona

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Ruwa da Muhalli.

Daga:
Jami'ar Gwajin Ruwa ta Babbar Gona.

Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Game da: Ƙin bin umarnin Manaja da abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai cewa ranar 23 ga Yuni Manajan gona ya umarce ni in kwashe buhunan da na jera a magudanar ruwa, ni kuma na ƙi. Na ƙi cikin ladabi, a durƙushe ma, domin Manajan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata.

1. Tun 3 ga Maris nake sarrafa ɓawon jatan lande, ina mulmula shi ƙananan ƙwallaye, in zuba a buhunan raga. Idan ruwan gona ya bi ta cikinsu, sai su tsotse rarar takin zamani kafin ya gangara tafkin masunta. A da gansakuka kan rufe tafkin, kifi ya rasa iska, a wayi gari ya juyo ciki sama. Yanzu mutum na iya ganin ƙafarsa a ruwan.

2. A rahotona na rubuta cewa ƙwallayen suna cire sinadarai masu gina jiki daga ruwa. Kawu Manaja, wanda a iya sanina bai taɓa wuce shafin farko na kowane rahoto ba, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin “gina jiki”. Ya tara ma'aikata ya shaida musu cewa an kai ni jami'a ne na koyo ramar da ruwa, ina kuma hana bayin Allah kifaye abincinsu. Na yi masa bayani sau huɗu, har da zane, cewa gansakuka ce wannan taki yake gina wa jiki, ba kifi ba. Ya ce shi ya raɗa mini suna, don haka ba ni zan koya masa ruwa ba.

3. Ranar 30 ga Yuni ya aiko mini takardar tuhuma, wai takin da ƙwallayen suka tsotse dukiyar gona ce, kuma a hannuna aka same shi. Ina roƙon a lura cewa ni ce ɓarauniya ta farko da ta tare kaya suna gudu ta dawo wa mai su da su.

4. Ranar 2 ga Yuli aka karɓe makullin ɗakin gwaji, aka mayar da ni rumfar ƙofa ina ɗaga wa motoci sanda. Ina ɗagawa da kyau. Ƙwallayen kuwa a bayan ɗakinmu nake haɗa su yanzu, magunan unguwa goma sha ɗaya suna raka ni saboda ƙarni. Ma'aikata sun laƙaba mini Malama Ɓawo, kuma ina amsawa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta ya turo mai gwaji ya ɗebi ruwa a gaban buhunan da bayansu, ya hana a taɓa su har ƙarshen damina, a kuma janye tuhumar. Idan da hali, a samu wani babba, namiji mai furfura, ya karanta wa Kawu shafi na biyu.

Kawu ya ce ranar da na kwashe buhunan zan koma kujerata. Ba zan kwashe ba. Na rasa ɗakin gwajina, an soke sunana daga masu tafiya ƙaro karatu bana, kuma yau kwana ishirin da ɗaya ke nan mahaifiyata ba ta amsa gaisuwata.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Mai biyayya gare ka,
(sa hannu)
Malama Ɓawo,
Jami'ar Gwajin Ruwa, a halin yanzu a bakin ƙofa.