Zanen Mahaifina Ba Zai Shiga Kwantena Ba

Daren Alhamis, unguwar Al Karama, ƙasar Larabawa

Yau ma ɗana Sani ya tayar da maganar zanen fuskar mahaifina. Wai ɗakina ya yi ƙunci, a tura zanen Kano cikin kwantena. Ya haɗa da ɗan Larabcinsa na gaggawa: "Yalla, Baba, zan naɗe shi da bargo."

Na ce masa da alli wani Baturen Ingila ya zana shi, tun kafin ya koma ƙasarsu ya yi suna wajen zana fuskokin manya. Alli ba ya jure girgiza. Kafin jirgin ruwa ya isa Legas, fuskar ta kakkaɓe.

Duk garin nan, da fuskar nan kaɗai nake hira. Na ce, "Sani, in lallai sai ya tafi, ka bar mini wurin kwanciya a kwantenar."