Hoton Matata a Mararrabar Tasha

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Sa Ido kan Asibitoci Masu Zaman Kansu

Daga: Direban bas, mijin marigayiya mai katin asibiti lamba 4417

Kwanan wata: 9 ga Satumba

Game da: Allon tallan tiyatar rage ƙiba mai ɗauke da hoton matata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina kawo kukana kan asibitin da ke bayan tashar mota, kamar haka:

1. Ranar 3 ga Fabrairu aka yi wa matata tiyatar rage tumbi a can. Tela ce, ƙiba ta cinye mata gwiwoyi har taka keken ɗinki ya gagare ta. Ni na sa hannu a takardar, kuma wannan nauyin nawa ne.

2. Tun da aka sallame ta ko ruwa bai zauna mata a ciki ba. Mun koma ranar 20 ga Fabrairu, da 11 ga Maris, da 2 ga Afrilu. Kowane zuwa sai a ɗora ta a sikeli, a taya ta murna, a ce mu tafi. Babu wanda ya taɓa cikinta.

3. A zuwa na uku wata ma'aikaciyar jinya ta shafa mata jan baki, ta tsayar da ita jikin bango, aka ɗauki hoto, wai na fayil ne. Ni na riƙe ta ta baya don kada ta faɗi.

4. Ta rasu ranar 19 ga Afrilu a wani asibitin, inda aka ce ɗinkin tiyatar ya daɗe yana yoyo.

5. Ranar 1 ga Yuni aka kafa hoton a mararrabar tasha, gefe guda tana da ƙiba, gefe guda ta rame, a ƙasa an rubuta wai sabuwar rayuwa. An yanke ni daga hoton, amma yatsuna huɗu na nan a ƙugunta. Na rubuta wa masu asibitin sau biyu, ko kallo ban ishe su ba. Hanyar aikina ce, sau takwas nake wuce ta a rana, kuma raina ƙuna yake yi.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya sa a sauke allon, a kuma binciki fayil ɗinta. Ina roƙon a hanzarta. Jiya wata fasinja ta ce in rage gudu ta kwafi lambar wayar da ke jikin allon. Ban rage ba. Sai dai ba ni kaɗai ne direba a hanyar ba.

Na bar ka lafiya, cikin ladabi da biyayya.

Sa hannu:
Mijin mai kati lamba 4417