Hannun Baba Iliasu

Litinin, 5 ga Maris 1956

Shekara tara ina fentin motoci a unguwar Akwatia Line, nan cikin Zongo, rubutu da furanni kawai, ban taɓa zana mutum ba. Yau na fara. Baba Iliasu, tsohon da ke kiɗan goge kusa da masu goro, shi na sa a kan guntun katako. Ban nemi izininsa ba. Kiɗan ne ya hana ni sakat.

Laraba, 7 ga Maris

Fuska ta fito, har yadda yake lumshe ido. Hannun dama ya ƙi. Sau uku ina shafewa.

Asabar, 10 ga Maris

Bai fito ba. Masu goro sun ce jiya ya faɗi, hannunsa na dama ya shanye. Na dama!

Na kasa cin waken da matata Barkisu ta kawo mini.

Talata, 13 ga Maris

Wani direba ya ga katakon a rumfata, yanzu duk Zongo ta ji. Wai na shafe hannun tsoho da fenti. A masallaci mutum biyu sun amsa gaisuwata ba su dube ni ba. Barkisu ta ce in ƙona katakon, tunda ita ce ke zuwa famfo tana jin abin da mata ke cewa. Na sani ciwo daga Allah ne. Na sani. To me ya sa nake ƙirga sau ukun nan?

Juma'a, 16 ga Maris

Mamuna, 'yar Baba Iliasu, ta zo. Ba ta zauna ba. Babanta yana son ganin abin ranar Lahadi.

Lahadi, 18 ga Maris

Na naɗe shi a buhu, na bi ta lungu. Yana kwance, bakinsa ya ɗan karkace. Na durƙusa na ce, Baba, ku yafe mini. Na buɗe buhun. Ya daɗe yana kallon zanen.

Sai ya ce, "Wa ya ce maka haka ake riƙe goge? Kamar mai yanka nama."

Ya sa Mamuna ta sauko da gogen. Da hannun hagu ya kama yatsuna, ya jera su a kan bakan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ciwon ya fi shekara yana masa sallama, ya ɓoye ne don kada 'yarsa ta hana shi fita. Mamuna ta juya mana baya.

Ya ce, "Je ka gyara. Jikokina ba za su gan ni ina yi ba, sai a nan."

Alhamis, 22 ga Maris

Na gyara hannun, na kai musu. Baba ya duba zanen, ya ce da sauƙi-sauƙi. An jingina katakon inda zai gani daga shimfiɗa.

Har yanzu akwai masu kau da kai. Na yi wa Barkisu alkawari daga wannan na daina zana mutum.

Da rana na bi ta wajen mahauta, ba don komai ba, hanya ce. Mai kalangunsu yana da wata irin ɗaga kafaɗa. Na ɗan tsaya. Sai da na iso rumfa na ga gawayi a yatsuna, da bayan takardar sigari duk layukan kafaɗar nan.