Layin Inna a Kan Maleji

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Damina ta uku ke nan da tafiyarka. Gero ya fitar da kai a gonarka ta Roni, Inna tana nan tana lallaɓa ƙafarta, mu ma lafiya lau. Na rubuto ne in faɗa maka na goge wani abu naka da hannuna, kuma sai da na gama sannan na san ko mene ne.

Motarka tana hannuna yanzu, ni nake kai Inna duk inda za ta. Ka san robar nan mai kama da gilashi da ke rufe maleji da allurar mai? Ta daɗe da yin hazo. Laifinka ne, Baba, ka yafe mini. Shekara nawa kana cire hularka kana goge ta a bushe, da rairayin hanyar Gwiwa a jikinta? In hantsi ya dake ta, sai ta koma fari fat, ba na ganin komai.

Ina tuna ka a bayan sitiyari, gwiwar hannunka a taga, kana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Duwatsun Kazaure suna wucewa a hankali har mutum ya ƙirga awakin da ke kansu. 'Yan acaɓa su wuce mu, motocin kasuwa su wuce mu suna hon. Ranar da wani mai keke ya jera da mu a gangaren Roni, ni da Yaya Nura mun yi dariya har da hawaye. Ko juyowa ba ka yi ba, ka ce, "Babura ba ta tashi, tana nan inda muka bar ta."

Inna kuwa kullum tana gaba, ta ɗan karkata wajenka, shiru, carbi a hannu. Mun ɗauka hanya take kallo.

Makon jiya na je wurin Malam Isa mai fentin mota, na nuna masa robar. Ya ce kada in kuskura in sa mata fetur, za ta ƙone ta yi fari har abada. In wanke ta da ruwa da sabulu tukuna, in manna salatif a gefe-gefe, sannan in bi ta da farce. Duk kwarzanen da farce ya wuce bai tsaya ba, man goge baki ma zai fitar da shi. Wanda ya riƙe farce, sai an sa samfefa mafi laushi, a jiƙe, a bi a hankali, a ƙarasa da folish da auduga.

Ranar Asabar bayan azahar na ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi. Na zauna a kujerarka ina murza auduga ina zagayawa, hazon yana yayewa kaɗan-kaɗan, lambobin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun bakin dam in ruwa ya ja baya. Motar har yanzu tana ƙamshin turarenka. Wallahi akwai lokacin da na ji kamar in na ɗago zan gan ka a madubi.

Kwarzane ɗaya ne ya ƙi. Gajere, miƙaƙƙe, daidai kan sittin. Ya riƙe farcena gam. Ka san 'yarka da taurin kai, wurinka na gado. Na jiƙa samfefa na durƙusa a kansa har aka kira la'asar, ban tashi ba sai da ya ɓace. Na yi ta jin daɗi, har hoto na ɗauka na tura wa Yaya Nura.

Washegari za mu Babura duba Yaya Abu, yayar Inna, da jikinta ya yi tsanani, ita ce kuma kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Inna ta shigo da bisimilla, ta karkata kamar yadda ta saba, ta duba malejin. Ta daɗe tana dubawa. Sai na ga ta mayar da ƙafarta waje. Ta ce, "Hadiza, ina layina?"

A nan ƙofar gida, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, ta ba ni labarin da kai ba ka taɓa ba mu ba. Ashe ƙaninta Habu a mota ya rasu, kan hanyar nan ta Babura, kafin a haife ni, direba yana ƙure gudu don ya riski kasuwa. Tun daga ranar ta ce ita da mota har abada. Shekara biyu ko gidansu ba ta je ba. Da ka sayi taka, ka zaunar da ita a gaba, ka zare makulli, ka karce robar sabuwa fil a kan idonta, ka ce, "Ba sai kin iya karatun lamba ba. Ga layi, ga allura. Ranar da ta ƙetare shi, ki sauka, ba zan ce miki komai ba."

Duk shekarun nan, Baba, muna yi maka dariya, ashe alkawari kake tuƙawa. Kunya ta kama ni, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka.

Na ce mata na san wurin, kan sittin ne, ba zan wuce ba. Ta girgiza kai. Ita ba ta san sittin ba, layi ta sani. Ga Yaya Abu can tana jira, ga rana tana yi.

Sai na zare makullinka, wanda har yanzu yake ɗaure da igiyar fatar nan, na sa mata a hannu. Ta dube ni, ta dubi robar da na sha wahalar gogewa tana ƙyalli. Ta matso, ta dafa cinyata, ta ja. Layin ya fito a ɗan karkace. Kuma ba ta sa shi a wurinka ba, Baba, ƙasa ta yi da shi sosai, wajen arba'in. Na karɓi makullin, na tayar da mota.

Mun isa Babura ana shirin azahar. Hanya duk ta yi kore, shanu suna kiwo a gefen titi, wani Bafulatani har ya ɗaga mana sanda muka amsa masa gaisuwa a tsanake. Mun tarar da Yaya Abu da sauran ƙarfinta, ta gane Inna, suka riƙe hannun juna har yamma.

A hanyar dawowa na waiga, na ga Inna ta yi barci, carbin ya zame kan cinyarta. Ba wanda ke kallon allurar sai ni. Ban ƙetare ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya cika maka alkawarinSa kamar yadda ka cika nata. Ya sada mu a inda ba a gaggawa. Amin.

'Yarka da 'yan acaɓa suke wucewa yanzu,
Hadiza