Na Musanya Faifan Abokina, Laifin Ya Faɗa Kan Matarsa

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a fara zagina a karanta har ƙarshe, don na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, kuma ina da wata cuta da mutane ke yi wa dariya: tara ƙananan faya-fayen garmaho, irin masu waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, na 'yan kiɗan jita da rok waɗanda suka buga kaɗan da kuɗin aljihunsu duniya ta manta da su. Ni na koya wa abokina wannan harka, bari in kira shi Danladi, mutumin Jos ne, yana aiki a wani otal a Bukit Bintang. Lokacin da na san shi ko riƙe faifai bai iya ba, da yatsu biyar yake damƙarsa kamar ƙosai.

Shekara huɗu da suka wuce muka shiga wani tsohon kanti a Chow Kit. Ni na durƙusa cikin ƙura na fi awa ina tonon kwalaye, har na ci karo da faifan da na daɗe ina nema, na wasu ɗalibai Malay da suka yi waƙa biyu kacal suka watse. Guda biyu ne ma, ɗaya fes kamar ba a taɓa ɗora masa allura ba, ɗayan duk ƙarzuwa. La'asar ta yi, na ba shi ya riƙe mini na je na yi sallah. Ina dawowa ya miƙo mini mai ƙarzuwar yana murmushi, wai, "Oga, na biya nawa. Ai kai kunnenka ya saba da tsofaffi." Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Wa ya tono? Wa ya san darajarsa? Kuma duk baƙon da ya je gidansa sai ya ɗora masa shi yana cewa shi ya gano.

Watan jiya ya tafi gida jana'izar kawunsa. Garin nan danshi gare shi, fumfuna na cin faifai, sai ya ce in riƙa leƙawa ina duba masa faya-fayensa, don ya hana matarsa Saratu taɓa su tun ranar da ta goge wani da tsumman kicin. Ita ta buɗe mini ƙofa, ta kawo mini shayi, ta koma kan girkinta. Ni kuwa na zaro nawa daga jaka na zura a kwalinsa, na ɗauke nasa. Ko minti ɗaya ban yi ba. A jirgin ƙasa ina ce wa kaina haƙƙina na karɓa.

Ban taɓa kawo Saratu a lissafi ba. Da ya dawo ya ɗora faifan ya ji ƙaras-ƙaras, kanta ya hau. Ta rantse ba ta taɓa ba, har Littafi Mai Tsarki ta ɗauko, ya ce yanzu ba faifan ke damunsa ba, zama da maƙaryaciya ne. Yau kwana goma sha biyu ba ya cin abincinta, a shagon abincin nan da ake kira mamak yake ci, ita kuma ta fara maganar komawa wurin yayarta can gida. Matar da ke aje mini tuwo duk Lahadi don ta san ni gwauro ne! Ga abin da ya fi ba ni kunya: har yanzu ina jin haushinsa, kuma idan na ɗora faifan a ɗakina daɗinsa nake ji.

Shekaranjiya ya kira ni. "Oga, ka zo ran Asabar da gilashin nan naka mai ƙara girman abu ka duba mana. Kai ka san ƙarzuwar tsumma da ta allura. Abin da ka ce shi ke nan." Bayan shi sai ga kiranta, murya duk ta dushe: "Malam, don Allah ka duba da kyau. Ba ni da kowa a ƙasar nan da zai tsaya mini."

To ku gaya mini. Idan na ce sabuwar ƙarzuwa ce, na kashe auren baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Idan na ce tsohuwa ce, Danladi ba wawa ba ne, zai tuna hannun wa ya saka mai ƙarzuwa, zai ce in kawo nawa a gani. Mayarwa a ɓoye ba ta yiwuwa, ya sa wa kabad ɗin kwaɗo. In kuwa na faɗi gaskiya, na zama ɓarawon da aka ba amanar gida ana cikin makoki, kuma mu 'yan Arewa a nan ba mu da yawa, kafin Juma'a kowa ya ji.

Asabar ɗin jibi ce. Me zan yi?