Wace Habba Kake Nufi?

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, gaisuwa mai yawa, Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba inda za ta, babu motar da ke zuwa inda kake. Ko da ma akwai, ka san rubutuna, kana da rai ma sai ka yi ta juya takarda kana dariya. Shekara bakwai ke nan ina yi maka magana a zuci, yau na ce bari in rubuta ko maganar za ta tsaya mini wuri ɗaya.

Gida lafiya. Hawasharka, gonar nan taka, tana hannunmu, ƙaninka Isa ke kula da ita, kuma bana ruwa ya zo tur'a, magudanar ban ruwa, a kan kari, auduga ta yi kyau. Inna tana nan, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan yadda ka bar shi.

Maganar yaronka ce ta zaunar da ni. Ya cika sha shida, ya kamo tsawonka. Tun da aka fara cirar auduga ya daina cin abinci. A ajiye masa kisira da miyar kuɓewa, a dawo a ɗauke ta yadda take. Leɓensa a bushe, yana tauna haƙora, surutu ba ya ƙare masa, abu kaɗan ya hau faɗa. Maigida, ni za a gaya wa wannan? Shekara biyu na zauna da irin wannan hali a ɗaki ɗaya, a jikinka. Ranar da na zo wanki na sa hannu a aljihunsa, na taɓa ƙullin takarda, tun kafin in kwance na san fararen ƙwayoyin nan ne da direbobin lori ke kawowa.

Ranar kasuwa na kai ƙwayar garin Managil wurin malamin asibiti. Ya faɗi sunanta mai tsawo, wai metamfetamin. Ya ce ba ƙarfi take ba mutum ba, hana shi jin gajiya take yi, zuciya ta yi ta gudu har ta gaza. Ya tambaye ni ko an taɓa samun mai sha a gidanmu. Na ce a'a. Ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba, na saba da ita ne kawai.

A mota ina dawowa na tuna ranar da ka faɗi. Da hantsi aka ɗauko ka daga bakin tur'a, gumi ya jiƙe ka, ka dafe ƙirji. Na tambaye ka me ke damunka, ka ce habba ce. Sau biyu ka faɗa, daga nan ba ka ƙara cewa komai ba. Ka fi ni sanin Larabcin ƙasar nan: habba ita ce kaɗan, kamar a ce ƙara mini habbar sukari a shayi, habba kuma ita ce ƙwaya. Ni na ɗauki ta farko. Na ce kwantar mini da hankali kake yi, ciwon kaɗan ne. Da ita na rayu shekara bakwai, na gaya wa kowa zazzaɓi ne, aka yarda. Yanzu ban sani ba. Lallashina kake yi, ko gaya mini kake abin da ya kashe ka? Me ya hana ka faɗa da Hausa? A bakinmu kaɗan daban, ƙwaya daban, da ba ka bar ni a nan ba.

Na yi ƙoƙarin koya wa yaran ba tare da na taɓa sunanka ba. Na sa aka kira yaronka da abokansa uku, na dafa musu shayi, na maimaita duk abin da malamin asibiti ya ce. Sun saurara da ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsohuwa mai ba da labarin Sakkwato da ba ta taɓa gani ba. Sai Sale, babban cikinsu, ya ce su habba kawai suke sha, kuma don su kamo ka ne. Wai har gobe dattawa na faɗin yadda kake cire abin da mutum uku ba sa cirewa, da ƙarfin da Allah Ya ba ka kawai. Su da ba su samu irin jikinka ba, sai sun ɗan taimaki kansu. Yaronka yana zaune, kansa a sama, yana jin daɗi. Na ajiye shayina ban sha ba.

Ka ga inda rufin asirin da na yi maka ya kai mu? Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin kaina fiye da haka.

Na je wurin Inna, ta ce in bar mamaci ya kwanta, ɗanta zazzaɓi ya kashe shi. Na je wurin Isa, ya ce bulala ce maganin yaro. Sai ya rage ni kaɗai, kuma ka san tsakanina da yaron nan. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifinka ya ci. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mu biyu ba. Komai sai dai in ce a gaya wa wancan. To wannan magana wa zan aika da ita?

Ranar Juma'a bayan an sauko yana wanke ƙafa a bakin randa. Na kira sunansa. Bai waigo ba, ya ɗauka wata ce a maƙwabta. Na sake kira, ya juyo, muka rasa wanda zai kalli wani. Na gaya masa duka. Na faɗi ƙwayoyin, da haƙoranka biyu da ka fasa da tauna, da ranar da ka ɗaga mini hannu a kan ba komai kana kuka daga baya. Na ce ba zazzaɓi ba ne. Sai ya tambaye ni abu ɗaya, ko kai da bakinka ka ce ita ta kashe ka.

Na ce masa e. Na ce ita ce maganarka ta ƙarshe.

Yau kwana biyar. Yana cin abinci, jiya har ƙari ya nema a wurin ƙanwarsa. Audugar da yake cirewa ta ragu, abokansa na yi masa tsiya. Amma ba ya gaishe ni, kuma Isa ya ce idan aka yabe ka a gona sai ya ɗauki buhunsa ya koma wani layi. Na raba shi da uban da yake alfahari da shi, kuma ban tabbata na raba shi da ƙwayar ba. Ko na yi daidai? Ba wanda zan tambaya, kai kaɗai ka san amsar.

In kaɗan kake nufi, to na sa maka magana a baki a gaban ɗanka, ka yafe mini. In kuwa ƙwaya kake nufi, saƙo ka ba ni na riƙe shi shekara bakwai ban isar ba, wannan ma ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya bar mini shi.

Ni ce taka,
uwar Musa.