Abin da Hasken Tauraro Ya Nuna Mini a Sabo

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Ni ma lafiya, sai godiya.

Yaya, ki dakatar da su Kawu, kada su zo nema mini auren Bilkisu.

Ranar Talata bayan isha'i ina dawowa daga unguwar Mokola, an ɗauke wuta, layinmu duhu ƙirin. Sai ga wani tauraro ya tsinko, dunƙulen wuta kore shar mai doguwar jela, ya ratsa ta kan unguwarmu Sabo, gari ya yi haske kamar da rana. Mata suna ta salati, masu baburan okada suka tsaya cak. A cikin hasken nan na hango Lawal a kan benci a ƙofar gidan su Bilkisu, shi da ita suna zance. Lawal dai abokina, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, wanda nake aika da saƙona wurinta. Da yamma ya ce mini zazzaɓi yake yi, har na sayo masa magani.

Na matsa na ce, "Lawal, jikin ya yi sauƙi ke nan?" Ya sunkuyar da kai. Ita ce ta amsa: "Sani, wata uku fa ke nan muna tare. Na ɗauka ya gaya maka."

Na kwashe kayana na koma unguwar Shasha wurin 'yan garinmu. Har yau abinci ba ya shiga.

Ki taya ni addu'a, Allah ya sanyaya mini zuciya. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata tukuna. Kin san a hannunta Lawal ya girma.

Ƙaninki,
Sani